Farautar kurege a jihar Mizuri: wace bindiga ta dace da sabon shiga, kuma daga ina ake fara shiri?

Ɗalibi a Rola ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina karatun digiri na biyu a fannin injiniya a garin Rola da ke jihar Mizuri a Amurka, kuma wani abokin karatuna ɗan asalin yankin, wanda iyayensa ke da gona a bakin daji, ya gayyace ni farautar kurege a farkon watan Satumba. Ya ce a wajensu da wannan farauta ake fara koya wa yaro riƙe bindiga kafin a kai shi ga barewa, kuma mahaifinsa ba ya barin shekara ta wuce bai fita ba. Na amsa masa cewa zan je, amma akwai tambayoyin da ba shi ne zai amsa mini su ba, domin shi ɗan ƙasa ne, kuma ba Musulmi ba ne.

Da farko ina son in san matsayina a gaban doka, tun da da bizar karatu na shigo ƙasar nan, kuma ba na son abin da zai taɓa karatuna. Sannan batun bindigar kanta: abokin nawa ya ce suna da iri biyu a gida, akwai raifil ƙarama mai harsashin .22, akwai kuma mai watsa ƙwayoyin dalma wadda suke kira shotgan, ya ce in zaɓi wadda nake so ya ara mini. Ban taɓa harba ko ɗaya daga cikinsu ba. Kuregen da na sani shi ne na gida, wanda muke bi da karnuka da sanduna bayan an cire gyaɗa, mu tone raminsa, alhali na nan a saman itace yake rayuwa.

Ina kuma roƙon malamanmu da ke wannan zaure su yi mini bayani a kan halaccin naman, da yadda ake yi idan harsashi ya kashe dabba kafin a kai ga yanka ta. Duk wanda ya san wani abu game da shirin da ya kamata in yi a cikin makonnin da suka rage, ya taimaka mini. Allah ya saka da alheri.

Baban Khalifa, daga birnin Sent Luwis a jihar Mizuri, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Madalla da ka yi tambaya tun kafin ka taɓa komai, domin ga mai irin bizarka takarda ce gaba da bindiga. Dokar tarayya ta haramta wa baƙon da ya shigo da bizar zama na ɗan lokaci, irin ta ɗalibai da ta masu ziyara, mallakar bindiga ko harsashi, kuma mallaka a wurinsu ba ta tsaya ga saye ba. Ko aro ka karɓa ka riƙe a gonar abokinka, ko haya ka ɗauka a filin koyon harbi, hukuncin ya hau kanka, kuma tun daga 2022 ɗaurin da ke kan wannan laifi yana iya kai shekara 15, ban da asarar biza. Sai dai dokar ta keɓe wasu mutane, kuma cikinsu akwai wanda yake riƙe da lasisin farauta mai aiki da wata jiha ta ba shi. Saboda haka lasisin ne zai zo da farko, har kafin ranar da za ka fara gwada harbi a kan takarda.

A Mizuri hukumar kula da namun daji da gandun daji ta jiha ce ke bayar da lasisin. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1967 zuwa yau sai ya yi darasin koyar da mafarauta ya ci jarrabawarsa kafin a sayar masa da lasisin farauta da bindiga. Akwai wata takardar koyon aiki da ke ba sabon shiga damar fita ƙarƙashin kulawar wanda ya riga ya yi darasin, amma ni shawarata ka yi darasin gaba ɗaya, domin ba shi da wahala ga ɗalibi irinka, kuma abin da za ka koya a ciki game da riƙe bindiga ya fi ƙarfin ɗan lokacin da za ka ɓata. Ka je ofishin hukumar da katin makarantarka da shaidar inda kake zaune, su gaya maka ajin lasisin da ya dace da kai, sannan ka sanar da ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku abin da kake shirin yi. Ka kuma riƙe cewa lasisin shekara yana ƙarewa ne a ƙarshen Fabrairu, kuma ranar da ya ƙare, keɓewar da doka ta yi maka ta ƙare tare da shi. Wannan ne ma ya sa nake ganin aro ya fi maka saye, domin wanda ya sayi bindiga ya ajiye a ɗaki, sannan ya manta bai sabunta lasisi ba, ya zama mai laifi yana kwance a kan gadonsa. Gidajen kwanan ɗalibai kuwa ba a shiga da bindiga cikinsu ko kaɗan, don haka ka bar ta a gidan masu ita.

Lokacin farautar kurege a wannan jiha yana da tsawo fiye da na yawancin maƙwabtanta. Ana buɗewa ranar Asabar ta huɗu a watan Mayu, a rufe 15 ga Fabrairu, kuma mutum ɗaya yana iya kashe 10 a rana, amma kada abin da ke hannunsa gaba ɗaya, har da na cikin firiza, ya wuce 20. Idan kuna tafiya a daji ka ga an shafa fenti mai launin shunayya a jikin itatuwa ko turakun shinge, to alama ce da doka ta amince da ita cewa wurin na wani ne kuma ba a yarda a shiga ba, ko da babu allo ko ɗaya. Kada ka tsallaka, ko da kuwa kuregen da ka harba a can ya faɗi, sai ka nemi izinin mai wurin.

Game da bindiga, ni ina ganin ka ɗauki shotgan, musamman idan mai lamba 20 ce, wato lambar da ke nuna faɗin bakinta, ka sa mata harsashi mai ƙwayoyi lamba 6, wadda ita kuma girman ƙwayoyin take nunawa. A farkon Satumba ganye yana nan cike a kan itatuwa, kuregen kuma yana can sama yana tsalle daga reshe zuwa reshe, ba za ka ga komai nasa ba sai wutsiya ko rabin jiki na ɗan lokaci kaɗan. Shotgan tana watsa ƙwayoyi sama da 200 a harbi ɗaya idan nauyinsu ya kai oza guda, wato wajen giram 28, suna kashewa sosai a tazarar yadi 30 zuwa 35, sannan ƙarfinsu ya mutu su zube ƙasa kafin su wuce yadi 250. Harsashin .22 kuwa, duk da ƙanƙantarsa, idan ka ɗaga baki sama ka harba ka kuskure, yana iya tafiya fiye da mil ɗaya, kuma gargaɗin haka yana rubuce a jikin kwalinsa. Sabon maharbi da zuciyarsa ke bugawa saboda ya ga kurege na farko ba ya tsayawa tunanin abin da ke bayan reshen. Ka tabbatar an toshe ma'ajiyar harsashin shotgan ɗin yadda ba za ta ɗauki fiye da uku ba gaba ɗaya, domin haka dokar jihar ta tanada, kuma jami'an hukumar suna dubawa.

Hukumar tana da filayen koyon harbi a sassa daban-daban na jihar, wasu da ma'aikata, wasu babu, kuma kuɗin shiga ko dai kaɗan ne ko babu. Dalilin da ya sa abin yake da sauƙi haka shi ne tun 1937 akwai dokar tarayya da ta ware harajin da ake ɗora wa bindigogin farauta da harsasai, kashi 11 cikin 100, domin kula da namun daji, sannan mutanen Mizuri suka ƙara da nasu a 1976, inda suka amince a riƙa cire wani ɗan kaso daga harajin saye da sayarwa a ba hukumar. Da zarar lasisinka ya fito, ka roƙi abokinka ya kai ka ɗaya daga cikin filayen nan.

Maharbi daga jihar Kentaki ya amsa:

Duk abin da Yaya Baban Khalifa ya faɗa game da doka haka yake, kuma ba ni da abin da zan ƙara. Amma a kan bindiga ina da ja, da dukkan girmamawa. Shotgan tana koya wa mutum gaggawa, raifil kuwa tana koya masa jira, kuma farautar kurege jira ce daga farkonta har ƙarshenta. Ban da haka, wanda ya ci kuregen da aka kashe da shotgan ya san wahalar tsince ƙwayoyin dalma da gashin da suka tura cikin tsoka, kuma sau da yawa cinyoyin baya, inda naman kirki yake, su ne suke lalacewa. Harsashin .22 guda ɗaya a kai yana barin naman tsaf.

Wannan harsashi tsoho ne, tun 1887 ake yin sa, nauyin dalmarsa bai kai giram 3 ba, ba ya dukan kafaɗa, ƙararsa ba ta kai ta shotgan ba, kuma yana da arha yadda ɗalibi zai iya harba ɗaruruwa a filin koyo ba tare da ya taɓa kuɗin abincinsa ba. Idan bindigar gidan abokinka Ruger 10/22 ce ko Marlin 60, waɗanda su ne suka fi yawa a gidajen manoma tun shekarun 1960, to irin waɗanda ke ɗora wa kansu harsashi ne bayan kowane harbi, kuma dole ka riƙa tunawa cewa tana nan a ɗane bayan ka harba. Idan kuwa mai sakata ce da ake ja da hannu, irin su Savage ko CZ, ta fi dacewa da mai koyo. Madubin hange mai ninka abu sau 4 ya isa. Ka daidaita saitinsa a yadi 25, sannan ka gwada a 40 da 50 ka ga inda harsashi yake sauka, kuma ka yi hakan da ainihin irin harsashin da za ka shiga daji da shi, domin kowace bindiga tana da irin wanda take so, kuma idan ka canza kamfani sai wurin saukar ya canza. Kada ka tsaya ga harbi a kan tebur. Ka koyi harbi a zaune a ƙasa da gwiwar hannu a kan gwiwa, da kuma a tsaye kana jingina hannu da turke, tun da babu tebur a daji. Ma'aunin da nake bai wa masu koyo shi ne, nisan da za ka iya zuba harsashi biyar a cikin da'ira mai faɗin inci ɗaya da rabi, shi ne iyakar nisan da ya halatta maka ka harbi kurege, ko da kuwa yadi 20 ne kacal.

Damuwar Yaya game da harsashin da ke wuce gona da iri gaskiya ce, kuma maganinta ƙa'ida ɗaya ce da ba a karya ta: ba a harba .22 sai akwai kututture ko babban reshe ko tudu a bayan kuregen. Idan sararin sama kake gani a bayansa, ka sauke bindiga ka jira ya motsa. Idan ka san ba za ka iya riƙe wannan ƙa'ida ba a fitarka ta farko, to ka bi shawarar Yaya, ka bar raifil sai ganye ya zube a Nuwamba.

Amma abin da ya fi zaɓen bindiga tasiri shi ne sanin abin da kurege yake ci a makon da za ku fita. A ƙarshen Agusta da farkon Satumba babu abin da yake so kamar 'ya'yan itacen hikori, kuma za ka iya samun kurege huɗu ko biyar a kan itace ɗaya alhali sauran dajin shiru. Daga baya ne suke komawa kan 'ya'yan wasu itatuwa da ake kira ok da walnat. Ka nemi abokinka ku zaga gonar tun kafin ranar, ba tare da bindiga ba, ya nuna maka hikori, musamman irin wanda ɓawonsa ke ɓarewa yana reto a jikin kututture, wanda ba ya ɓuya. Ku duba gindinsa. Idan kun ga gutsattsarin kwasfa kore, sababbi, da shatar haƙora a jiki, kun sami wurin zama. Ranar farauta ku isa can kafin gari ya waye, ka zauna ka jingina baya da itace, rana ta kasance a bayanka, ka yi shiru. Kafin ka ga kurege za ka ji shi: ƙarar haƙori a kan kwasfa mai tauri, da gutsattsarin da ke sauka a kan ganye kamar yayyafi. Ka bi inda suke faɗowa da ido har sama.

Iri biyu za ka tarar. Akwai mai launin toka, ƙarami, nauyinsa wajen rabin kilo, mai son daji mai duhu, wanda ke fitowa da sassafe kuma ba ya zama wuri ɗaya. Akwai kuma ja, babba, wanda kan kai kilo ɗaya, mai son bakin gona da itatuwan da ke warwatse, kuma shi ba ya sammako sosai. Idan ka harbi ɗaya ya faɗi kuma ka tabbatar ya mutu, ka lura da inda ya faɗi ka ci gaba da zama a wurinka, domin sauran sukan koma cin abincinsu bayan ɗan lokaci idan ba su ga motsi ba. Idan kuma kurege ya gan ku ya lafe a bayan kututture, ɗayanku ya tsaya cak, ɗayan ya zagaya, zai juyo ya ba wanda ya tsaya jikinsa. Kada ka harba cikin sheƙar ganye don kana zaton yana ciki. Doka ta hana taɓa sheƙa da kogo, kuma ko ka same shi a can zai mutu ya ruɓe.

Almajirin Zazzau ya amsa:

Allah ya yi maka albarka, ɗana, da ka haɗa tambayar halacci da ta doka. Malamai sun yi saɓani a kan kurege. Hanafiyya ba su halatta shi ba, Shafi'iyya sun halatta, a mazhabarmu ta Malikiyya kuwa ƙa'idar ita ce dabbar daji wadda ba ta farautar wasu dabbobi da fiƙa halal ce, kamar zomo da bushiya, kuma kurege yana cikin wannan aji, shi ya sa ba mu taɓa jin malaman ƙasarmu sun hana cinsa ba. Idan kana zaune da 'yan uwa Musulmi daga Pakistan ko Turkiyya suka ƙi ci, kada ka yi musu da su, mazhabarsu suke bi.

Game da kisa da harsashi, asalin maganar yana cikin hadisin Adiyyu ɗan Hatim, Allah ya yarda da shi, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bambanta tsakanin abin da makami ya huda da abin da ya buge da faɗinsa, ya halatta na farko ya hana na biyu. Da bindiga ta bayyana, malaman Malikiyya na baya, musamman na birnin Fas, sun yi fatawa da halaccin abin da harsashin dalma ya kashe, saboda yana hudawa yana zubar da jini. Wannan ya shafi raifil da shotgan duka. Sharuɗɗan su ne ka yi niyyar farauta domin ci, ka ambaci sunan Allah a lokacin da kake danna kunama, kuma idan ka isa wurin dabbar ka same ta da sauran rai, ka yanka ta nan take. Idan ka same ta ta riga ta mutu da harbin, ta halatta ba tare da yanka ba. Amma idan ka yi sakaci, ka zauna kana jiran na biyu alhali na farko yana shure-shure a ƙasa, har ya mutu bayan kana da ikon yanka shi, to malamai sun ce ba a ci. Saboda haka shawarar da ɗan uwanmu na Kentaki ya bayar ta zama a wuri bayan harbi, ka riƙe ta da sharaɗin da shi ma ya ambata, wato ka tabbatar ya mutu. Idan kana shakka, ka tashi da wuƙarka, kuma wuƙar ta kasance a aljihu mai sauƙin kai hannu, ba a ƙasan jaka ba.

Saura magana ɗaya da ta shafe ka kai tsaye. Mashhurin zance a mazhabarmu shi ne ana sharɗanta maharbin ya kasance Musulmi, ko da yake wasu malamai sun sassauta game da farautar Ahlul Kitabi kamar yadda aka halatta yankansu. Abin da ya fi maka kwanciyar hankali shi ne ka ware abin da ka harba da hannunka a jaka dabam. Ka yi wa mutanen gidan bayani cikin ladabi tun kafin a fita, domin mutumin da ya buɗe maka gonarsa ya ara maka bindigarsa bai cancanci ya ji abin a bakin tukunya ba.

Ɗan Gumel ya amsa:

Allah ya gafarta Malam, mun ƙaru. Ni ban taɓa zuwa Amurka ba, amma na yi farautar rani tun ina saurayi, kuma abin da zan gaya wa wannan ƙane namu shi ne ya ajiye dabarun gida a gida. Kuregenmu mai zane a haƙarƙari na ƙasa ne, gudunsa zuwa rami ne, kuma da wuya ka ga maharbi ya ɓata albarushi a kansa, sai dai kare da sanda da fartanya. Wanda ya saba da farautar gayya, inda ake tafiya da ihu da ganga a tayar da nama, zai sha wuya a farautar da ake zama shiru, don haka ya fara horar da kansa zaman tun yanzu. Abu ɗaya da yake daidai a ko'ina shi ne cizo: kada ka ɗauki kuregen da bai gama mutuwa ba da hannu tsirara, haƙorinsa yana kai wa ƙashi. Kuma idan ka gama karatu za ka dawo, kada sha'awa ta sa ka saka ko da kwanson harsashi a cikin kaya, domin dokar bindigogi ta Najeriya, wadda ke nan tun 1959, ba ta san lasisin Mizuri ba.

Ɗalibi a Rola ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na yi rajistar darasin, kuma na yi magana da abokina, ya ce shotgan ɗin tasu mai lamba 20 ce, mai baki ɗaya, wadda ake karyawa a sa harsashi guda. Na yanke shawarar in fara da ita a Satumba, in ci gaba da koyon raifil a filin harbi har ganye ya zube. Abin da ya rage mini shi ne sutura da kuma gyaran naman, domin har yanzu ana zafi sosai a nan, kuma ya ce za mu kai wajen ƙarfe goma na safe a daji.

Baban Khalifa, Sent Luwis, ya sake amsawa:

Mai harsashi guda ta ma fi, ƙanena, tun da batun toshe ma'ajiya bai taso ba, kuma idan za ka tsallake shinge ko rafi sai ka karya ta ka cire harsashin, kowa ya ga a buɗe take. Kafin ranar ka kafa babban kwali a yadi 30 ka harba sau ɗaya, ka ga yadda ƙwayoyin suke bazuwa da inda suka fi taruwa, kuma ka sa abin toshe kunne. Dokar jihar ma ta ce kowane maharbi ya ware abin da ya kashe yadda za a iya gane nasa, don haka jaka dabam da Malam ya ce ka riƙe ba za ta zama baƙon abu a wurinsu ba.

Game da sutura, kaska ce babbar matsalar dajin Ozak, wato yankin da Rola take ciki, a wannan lokaci, ba maciji ba. Akwai wata iri mai ɗigon fari a baya wadda cizonta kan jawo wa wasu mutane cutar da ke hana su cin jan nama, har na shanu da na rago, jikinsu ya riƙa tashi sa'o'i kaɗan bayan sun ci. Ka fesa wa wandonka da safarka da takalminka maganin ƙwari mai suna fametrin kwana ɗaya kafin fita, ka bar su su bushe, amma kada ka shafa shi a fata. Ka cusa ƙafar wando cikin safa, kuma da ka dawo ka yi wanka ka duba jikinka sosai, musamman ƙugu da hammata da bayan gwiwa. Ka sa abokinka ya nuna maka wata ciyawa mai ganye uku-uku da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje, domin takan nannaɗe a jikin itacen da mutum zai so jingina da shi. Tufafi masu duhu sun isa, ba sai ka sayi kayan sojoji ba, amma hula mai launin lemo tana da amfani idan akwai wasu maharba a kusa, kuma idan Nuwamba ta zo aka buɗe farautar barewa da bindiga, kada ka shiga daji ba tare da riga da hula masu wannan launi ba.

Fiɗa kuwa, ka yi ta tun jikin yana da ɗumi, domin fatar kurege tana kama nama idan ya huce. Ka jiƙa gashin da ruwa, ka yanka ta ƙarƙashin wutsiya har ka raba ƙashinta ba tare da ka yanke fatar baya ba, ka ɗan faɗaɗa yankan zuwa gefe biyu, sannan ka taka wutsiyar ka kama ƙafafun baya ka ja sama, fatar za ta zame har wuya. Sauran da ke cinyoyi sai ka ja shi da yatsu. Ka sa safar hannu ta roba, ka cire kayan ciki, ka jefa naman cikin leda a kan ƙanƙara a cikin kula. A wannan wata za ka iya ganin ƙullutu a ƙarƙashin fatar wasu, tsutsar wani ƙuda ce, tana fita tare da fatar kuma ba ta ɓata naman. Ka jefar da kan, domin tun 1997 wasu likitoci a Kentaki suka yi gargaɗi game da cin ƙwaƙwalwar kurege, kuma ba wani abin kirki ne a ciki ba. Ƙananan na bana suna soyuwa kai tsaye, amma manyan, musamman jajayen, sai an dafa su a hankali fiye da awa ɗaya kafin su yi laushi, kuma farfesu da citta da masoro da attaruhu yana karɓarsu sosai. Ka riƙa taunawa a hankali saboda ƙwayar dalmar da ta ɓuya.